Tambayoyi da amsoshi kan fuskar na'urar karatu: abin da ke kashe ta da yadda ake kula da ita a Katsina

Yawancin na'urorin karatu, wato na'urorin karanta littattafai, da ke hannun mutane a Katsina, Kindle ce ko Kobo ko Boox, ko dai wani ɗan'uwa ne ya aiko daga waje, ko an saya ta hannu. Ba a jibge kayan gyaransu a shago yadda ake jibge na Tecno da Infinix, saboda haka fuskar da ta zo da na'urar ita ce za ka zauna da ita. Ga tambayoyin da ɗalibai da malamai suka fi maimaitawa a kanta.

Fuskar nan ba irin ta waya ba ce?

A'a. Fuskar waya haske take harbowa cikin ido. Wannan kuwa tawada ce ta gaske ake juyawa da lantarki, fasahar da ake kira E Ink. A cibiyar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro ta, aka kafa kamfaninta a 1997, wani kamfanin Taiwan ya saye shi a 2009. Sony ta fara sa ta a na'urar karatu a 2004, Kindle ta farko ta fito a 2007. Kusan duk na'urorin da ke kasuwa daga wannan kamfani guda suke sayen fuska, shi ya sa raunin Kindle da na Kobo iri ɗaya ne.

Fuskar hawa-hawa ce. A sama akwai murfi na gilashi ko roba mai ɗan kaushi da ke kashe ƙyalli. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa, da wata siririyar roba mai baza hasken ƙananan fitilun da aka jera a gefe. Sai shimfiɗar tawada: miliyoyin ƙwayoyi, kowace faɗinta kusan na silin gashi, cike da ruwa mai ɗauke da farin gari da baƙin gari. Lantarki ke tura fari sama ko baƙi sama, kuma duk inda suka tsaya nan suke zama ko babu wuta. Can ƙasa kuma akwai farantin gilashi da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, wanda aka zana wayoyi da taransistocin da ke ba kowane ɗigo umarni. Wannan gilashin na ƙasa, da ido ba ya gani, shi ne ran na'urar, kuma shi ne ke fashewa.

Ban yar da ita ba, babu tsaga a waje, amma rabin fuskar ta tsaya cak da layuka. Me ya faru?

Gilashin ciki ne ya tsage. Ana yawan musanta wannan amsa saboda mai na'urar yana shafa saman ya ji shi sumul. To ai saman daban, na ƙasan daban. Murfin sama da gangar jikin na'urar suna iya ɗan lanƙwasawa su dawo. Gilashin ciki ba ya lanƙwasawa, tsagewa yake yi.

Alamominsa ba sa ɓuya. Wani ɓangare na fuskar yana canja shafi, wani kuma ya maƙale da tsohon rubutu ko hoton da ke kai lokacin da abin ya faru. Za ka ga layuka miƙaƙƙu, a tsaye ko a kwance, sun ratsa daga gefe zuwa gefe, domin duk wayar da tsagar ta yanke, ɗigogin da ke kan layinta sun daina samun umarni. Sau da yawa akwai wani tabo baƙi ko fari mai baki a karkace, daga nan tsagar ta faro. Idan ka karkatar da na'urar a gaban taga, wani lokaci za ka hango siririn layin tsagar a ƙarƙashin murfin.

Abin da ke jawo shi iri uku ne. Na farko murɗewa, wato kusurwa ɗaya ta danne, ta gabanta ta ɗaga. Na biyu dannawa a wuri guda, kamar gwiwar hannu, ƙafar yaro, kan caja ko makulli a cikin jaka. Na uku faɗuwa a kan kusurwa. Mutane sun fi tsoron faɗuwa, alhali murɗewa da dannawa sun fi kashe fuska, don su ba sa ƙara, ba ka sanin lokacin da suka auku. Ka sa na'ura lafiya lau a jaka, ka fito da ita a mace.

Ba a gyara wannan da sake kunnawa, ko sabunta manhaja, ko barin ta a caji kwana biyu. Sai dai a canja fuskar gaba ɗaya.

To a ina zan riƙa ɗaukar ta?

Bari mu fara da inda bai kamata ba. Aljihun gefe na kaftani shi ne kan gaba. Na'ura mai inci 6 tana shiga cif, shi ya sa ake sha'awar sa ta a nan. Amma dubi abin da ke faruwa idan ka zauna a tabarma ka tanƙwashe ƙafa, ko ka zauna zaman tahiya: rigar tana ɗamewa a cinya, aljihun ya ja kusurwar sama, ƙasa ta tokare kusurwar ƙasa. Murɗewar ke nan. Idan za ka shiga sahu, fito da ita ka ajiye a gabanka. Haka aljihun baya na wando, wannan ma ba sai an faɗa ba.

Sai jakar goyo ta ɗalibai. Wanda ke hawa acaɓa ko Keke Napep zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman yakan cusa littattafai, caja, fawa banki da gorar ruwa wuri guda, sannan a matse shi a kujera jakar tana bayansa. Idan dole a jaka ne, sa na'urar a tsaye tsakanin abubuwa biyu masu faɗi da tauri, misali jikin kwamfuta da littafi mai kwalin bango, fuskar tana kallon abin da ya fi santsi. Caja da makullai su koma wani aljihun. A motar haya ta Katsina zuwa Daura ko Kano, kada jakar ta shiga but inda za a ɗora mata buhu. Riƙe ta a cinya.

A gida kuma, gado da kujerar kushin ne tarko. Mai karatun dare yakan yi barci na'urar ta zame cikin bargo, da asuba ya dafa gwiwar hannu a kai zai tashi. Ƙarƙashin matashin kai ma haka. Ware mata wuri guda mai tauri, sama da inda hannun yara ke kaiwa.

Wajen riƙewa, riƙe ta a gefe ko ka tallafe bayanta da tafin hannu. Manyan masu inci 10, irin Kindle Scribe da reMarkable, kada a ɗaga su da kusurwa ɗaya, don faɗin gilashin na ƙara masa saurin tsagewa.

Wace riga ta fi, kuma ina buƙatar sikirin gad?

Riga mai murfi, wadda murfinta da bayanta duka masu tauri ne. Gwajinta mai sauƙi ne: cire na'urar, kama rigar da hannu biyu ka gwada murɗa ta. Idan ta murɗe ba gardama, ado ce kawai. Rigar roba mai laushi ta baya zalla tana rage illar faɗuwa, amma ba ta hana dannawa, kuma fuskar a buɗe take. Jakar ƙyalle ko ta fata marar kwali a ciki tana hana ƙarzuwa ne kawai. Idan za ka ba baduku ya ɗinka maka, ka ce ya sa faranti mai tauri a ɓangarorin biyu, kuma kada maɓalli ko zif ya faɗo daidai kan fuskar.

Rigar da ta matse da yawa ita ma haɗari ce. Ana iya fasa fuska wajen ɓanɓare irin wannan rigar da ƙarfi. Fara da kusurwa ɗaya, tura bakin rigar baya maimakon ka jawo na'urar gaba.

Sikirin gad kuwa ba dole ba ne. Ba ya kare gilashin ciki ko kaɗan. Na gilashi mai sheƙi yana dawo da ƙyallin da aka sayi na'urar don a guje masa. Idan akwai yara a gida ko kana yawan karatu a waje, sa na leda marar sheƙi, kuma ka liƙa shi a ɗaki rufe bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, don ƙura ɗaya da ta shiga ƙarƙashi za ta zama kumfa.

Zafin bazara yana lalata ta?

Yana iya lalatawa, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Amazon, kamfanin da ke yin Kindle, ta rubuta cewa a yi amfani da Kindle tsakanin digiri 0 zuwa 35, a ajiye ta tsakanin digiri 10 ƙasa da sifili zuwa 45. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina da Daura yana haura 40 a inuwa. Ba wai za ta mutu ranar da aka kai 40 ba ne, karatu a ɗaki ko ƙarƙashin bishiya ba matsala. Matsalar ita ce wuraren da zafi ke taruwa. Mota rufe a rana tana wuce digiri 60 a ciki, gaban gilashin direba ya fi haka. Akwatin babur, bakin taga ta yamma, saman firji ko inbata, da shago mai rufin kwano da aka kulle da rana, duk suna cikin wannan sahu.

Abu uku zafi ke yi. Yana sassauta gam ɗin da ya haɗa shimfiɗun fuskar, sai ka ga gefe ya fara ɗagowa ko wani tabo mai kama da danshi ya bayyana. Yana sa rubutu ya koɗe na ɗan lokaci, domin ruwan da ke cikin ƙwayoyin ya tsinke fiye da yadda aka auna. Mafi muni, yana tsufar da batir har ya kumbura. Idan ka ɗauko na'urar ka ji ta da zafi, ajiye ta a inuwa rabin awa kafin ka kunna ko ka sa caji. Kada a sa ta a firji, raɓa za ta taru a ciki.

Amma an ce ana karatu da ita a tsakar rana?

Ana yi, kuma a nan ta fi kyau, tunda hasken waje take amfani da shi. Kashe fitilarta ma. Karatu a rana daban, barin ta kwance a rana daban. Baƙar riga tana zuƙar zafi da sauri.

Ƙurar hunturu fa? Yaya ake goge fuskar?

Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin ma'adinin yashi. A ma'aunin taurin ma'adinai wannan yana mataki na 7, gilashi na gari yana wajen 5 da rabi, roba kuwa tana can ƙasa. Ma'ana ƙurar ta fi fuskar tauri. Duk wanda ya ga hazo ya kwanta a fuskar ya sa hannun riga ko gefen mayafi ya murje, da kansa ya ƙarje ta. Daga Nuwamba zuwa Maris a nan ake samun yawancin ƙananan zane-zanen da ke sa fuska ta dushe.

Yadda ake yi shi ne, a fara kawar da ƙurar ba tare da an danna ba. Karkatar da na'urar fuska ƙasa, ka kaɗe da burushi mai laushi, irin na kwalliya sabo da ba a taɓa amfani da shi ba, ko ka hura da 'yar robar hura iska ta masu kyamara. Bayan nan ɗauki ƙyallen goge tabarau mai tsabta, ɗiga masa ruwa ɗigo biyu ko uku, a kan ƙyallen ba a kan fuskar ba. Shafa daga sama zuwa ƙasa a hankali, nauyin hannun kada ya wuce na mai shafa kan jariri. Juya busasshen gefen ka ƙarasa. Ƙyallen nan a riƙa wanke shi, a ajiye shi a leda, don wanda ya kwana a buɗe cikin hunturu shi ma ya zama yashi.

Na'urorin da fuskarsu ta ɗan nutse ƙasa da bakin gangar jiki suna tara ƙura a kusurwa. A tsofaffi irin Kindle Touch ta 2011 da Kobo Touch, wannan ƙurar tana hana taɓawa aiki, saboda su da wani haske da ido ba ya gani suke gane yatsa, kuma daga bakin yake fitowa. Idan irin wannan ta fara buɗe shafi da kanta ko wani gefe ya daina amsawa, bi bakin da burushi kafin ka ce ta lalace. Kada a sa allura ko tsinken sakace.

Da me ba za a goge ta ba?

Kananzir, fetur, sifirit, tina, ruwan goge gilashin mota ko taga, sabulun wanki, turare, da ruwan tsabtace hannu. Suna cinye rufin da ke kashe ƙyalli, su bar wuri mai sheƙi da ba ya komawa, wasu kuma suna bin gefe su narkar da gam. Takardar tishu ma a bar ta, tana da kaushi. Maiƙon basilin da man shafawa, wanda ke yawa a yatsu lokacin sanyi, ƙyalle mai ɗan danshi yana ɗauke shi idan aka maimaita sau biyu.

Ina ganin inuwar rubutun shafin baya. Fuskar ta fara mutuwa ne?

A'a, halinta ne. Kamar allon da aka wanke ne, zanen tawadar jiya yakan ɗan rage. Don a yi sauri a kuma tsimi batir, na'urar ba ta juya duk ƙwayoyin a kowane shafi, waɗanda suka canja kawai take taɓawa. Bayan wasu shafuka sai ta yi walƙiya, ta yi baƙi ta koma fari, ta wanke komai. Wannan walƙiyar ba lahani ba ce.

Inuwar ta fi fitowa a littattafan da aka ɗauki hotonsu aka mayar PDF, irin littattafan Larabci da na Ajami masu bango ruwan toka, da kuma takardun lacca da aka ɗauka da waya. A Kindle akwai zaɓin "Page Refresh" a saitin karatu, idan ka kunna zai wanke kowane shafi. Kobo tana barin ka zaɓi bayan shafi nawa za ta wanke. Boox tana da yanayi daban-daban na sauri, kuma gwargwadon saurin gwargwadon inuwar.

Da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, za ka ga shafi na jan jiki kuma inuwar ta ƙaru. Ruwan cikin ƙwayoyin ne ya yi kauri. Da ta ɗumama a hannu take komawa daidai. Hoton da ya daɗe a fuskar kuma, ko na wata shida ne, ba ya ƙonewa a kai.

Akwai wani ɗigo mai haske sosai idan na kunna fitila. Mene ne?

Hasken na'urar yana tafiya ne a kwance cikin siririyar robar nan, daga fitilun gefe. Kindle Paperwhite ta farko, ta 2012, fitilu 4 gare ta, ta 2021 kuma 17. Duk inda robar ta sami rauni, ko ƙura ta maƙale a cikinta, haske yana tsiyaya ta wurin ya zama tauraro. Yawanci bakin makulli ne ko biro ya soke ta. Ba ya gyaruwa, amma ba ya yaɗuwa, kuma idan ka rage hasken yana raguwa. Ɗan duhu-duhun da ake gani a ƙasan fuskar tsofaffin na'urori, tsakanin fitila da fitila, haka aka ƙera su.

An ce tawa ba ta jin ruwa. Gaskiya ne?

Ya danganta da wacce. Kindle Oasis daga 2017 da Paperwhite daga 2018 suna da shaidar IPX8, wato an gwada su a ruwa mai daɗi, zurfin mita 2, na minti 60. Ƙaramar Kindle mai araha ba ta da wannan kariya. Harafin X kuma yana nufin ba a ba ta shaidar jure ƙura ba, abin da ya fi damun mu a nan. Na'urar da ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗewa, kada ka dogara da shaidar.

Idan mai jure ruwan ce shayi ko kunu ko lemo ya zube mata, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, tsane ta, tsayar da ita ramin caji yana kallon ƙasa, kada a sa caji sai ramin ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen hannu, kamar bayan alwala, yana rikita taɓawa har shafuka su riƙa tsalle. Goge hannu kawai.

Idan marar kariya ce ruwan sama ya doke ta, cire rigar, tsane ta, kashe ta idan ana iya kashe ta gaba ɗaya, kada ka yi ta danne-danne don ka ga ko tana aiki. Caji shi ne babban kuskure, domin wuta da danshi ne ke cinye wayoyin ciki. Mafi kyau a kai wa mai gyara ya cire batir ya busar da ita. In ba hali, a bar ta a inuwa inda iska ke kaɗawa aƙalla awa 48. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ke ciki, garinta ma toshe rami yake yi. Shanya ta a rana ko hura mata iska mai zafi yana ƙara ɓarna.

Mene ne haɗin batir da fuska?

Batirin yana kwance ne a bayan gilashin ciki, tazararsu kaɗan ce. Idan ya kumbura, ba shi da wurin zuwa sai ya tura murfin baya ko ya tura gilashin. Fuska da yawa daga ciki aka fasa su. Ɗora na'urar a kan tebur mai santsi ba riga: idan tana rawa, ko bayanta ya yi tozo, ko gefe ya fara buɗewa, daina caji nan take a canja batir. Kada a danna shi don ya koma, kada a huda shi, yana iya kamawa da wuta.

Abin da ke kumbura shi zafi ne, da barin sa a caji kullum, da barin sa ya mutu murus na watanni. Yi amfani da caja mai kyau ta bolt 5. Idan wutar janareta ce mai hawa da sauka, gara ka caja fawa banki, sannan ka caja na'urar daga gare shi. A shagon caji kuma ana tara wayoyi kan juna cikin zafi, wani lokaci a ɗora wasu a kan fuskar. Na'urar da ke yin makonni da caji ɗaya ba ta da dalilin zuwa can.

Fuskar duka ta tsaya, ba layi ba tabo. Ita ma ta fashe?

Galibi a'a. Tunda hoto yana zama ko ba wuta, na'urar da batirinta ya ƙare tana iya nuna shafi kamar tana kunne. Sa ta a cajar bango da wata wayar caji daban, ka bar ta aƙalla awa ɗaya. Wadda ta daɗe a mace tana iya ɗaukar awoyi kafin ta motsa. Sannan danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 40 cur idan Kindle ce, ka saki. Idan ta yi walƙiya fuskar duka ta wanke, gilashin lafiya yake. Idan wani yanki ya wanke wani ya ƙi, gilashin ciki ne ya tsage, koma amsar tambaya ta biyu. Duba ramin caji ma, ƙura takan cushe shi har kan waya ya kasa zama.

Ana canja fuskar a nan? Ya cancanci kuɗin?

Mai gyaran waya mai natsuwa zai iya, in an samo kayan. Samowar ce aiki, don ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba kowa ke ajiye su ba, yawanci sai an yi oda daga Sin. Kada a yi oda da sunan na'ura kawai. A buɗe a karanta lambar da ke bayan fuskar. Masu inci 6 galibi suna farawa da ED060, misali ED060SC7 ta Kindle mai madannai ta 2010, kuma harafi ɗaya ya bambanta sai fuskar ta ƙi aiki ko bakin fleks, wato siririyar wayar da ke haɗa fuskar da na'urar, ya ƙi shiga.

Wajen aikin, a cire batir kafin a taɓa fleks. A ɓanɓare da roba, ba da ƙarfe ba. Zafin da ake sa wa gam ya zama kaɗan, ba irin na cire gilashin waya ba. A kankare tsohon gam da ɓarɓashin gilashi tas, domin ƙwaya ɗaya da ta rage a ƙarƙashi za ta fasa sabuwar ranar da aka danna. A gwada sabuwar kafin a liƙe. Akwai kuma wata lamba ta ƙarfin wuta da ake kira VCOM, ana rubuta ta a jikin fleks, idan ta yi nisa da ta tsohuwar fuskar rubutu yakan fito a koɗe ko inuwa ta yi yawa.

A sababbin na'urori an manne murfi, taɓawa, haske da tawada wuri guda, dole a saye su a haɗe, kuma sau da yawa kuɗin yana kusan na wata na'urar ta hannu. A ra'ayinmu, ƙaramar mai inci 6 da ta tsufa ba ta cancanci wahalar ba, sai dai a ajiye ta don batir da sauran kaya. Babba mai tsada ta cancanta. Kobo ta ɗan sauƙaƙa lamarin a 2024, da ta haɗa kai da kamfanin iFixit wajen sayar da kayan gyara da bayanin aikin na Clara BW, Clara Colour da Libra Colour. Garantin kamfani na shekara ɗaya kuwa ba ya ɗaukar fashewa.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba a fuskar?

Kada ka saya a kashe, ko mai ita ya ce caji ne kawai babu. Cire rigar da sikirin gad. Buɗe littafi ka juya shafi goma zuwa ashirin, kana kallon ko akwai layin da ba ya canjawa, ko siriri ne. Kai hasken ƙarshe a wuri mai duhu, ko ka lulluɓe da babbar riga, ka nemi taurari da tabo. Kashe hasken ka fita waje ka duba zane. Buɗe wurin rubutu ka danna haruffan da ke kusurwoyi da gefe. Ɗora ta a tebur ka ga ko tana rawa. Duba kusurwoyi huɗu, wadda ta lotse shaidar faɗuwa ce. A ƙarshe ka haɗa ta da intanet a gaban mai ita, ka tabbatar an cire asusun tsohon mai ita kuma naka yana shiga.

Masu launi da masu alƙalami sun fi rauni?

Yawancin masu launi gilashinsu ɗaya da sauran, an dai ƙara shimfiɗar tace launi a sama. Ita ce ke sa fuskar ta fi duhu, launin ya fito a koɗe. A fuskar launi da ake kira Kaleido 3, baƙi da fari yana da ɗigo 300 a inci, launi 150. Ba lalacewa ba ce.

Masu alƙalami, bakin alƙalamin an yi shi ne ya cinye don kada fuskar ta cinye. Da ya daƙushe ko ya yi gefe mai kaifi, canja shi. Bakin ƙarfe da ake tallatawa cewa ba ya ƙarewa, fuskar yake ci. Kaɗe ƙura kafin rubutu, don ƙwayar yashi a ƙarƙashin baki tana jan dogon zane.

Akwai 'yan na'urori da aka yi farantin ƙasan da roba maimakon gilashi, ana kiran irin wannan fuska Mobius, kamar Kobo Forma ta 2018. Sun fi jure murɗewa da faɗuwa nesa ba kusa ba, amma abu mai tsini yana huda su.

Zan yi tafiya ta watanni, ko zan ajiye ta har bayan jarrabawa. Yaya zan bar ta?

Caja ta zuwa wajen rabi, kashi 50 zuwa 60. Kashe intanet ɗinta, ka kashe ta gaba ɗaya idan tana da wannan zaɓi. Rufe murfin, sa ta a leda mai zif, in da damina ne ka jefa 'yar ƙunshin silika irin ta kwalin takalmi. Ajiye ta a tsaye tsakanin littattafai a ɗakin da ya fi sanyi, ba a ƙasan akwati da za a danne da kaya ba, ba kuma a saman kabad kusa da rufin kwano ba. Duk wata biyu ko uku a sa wani ya fito da ita, ya duba bayanta ko ya taso, ya mayar da cajin rabi.